Rufin Tsakar Gidan Uwani

Ƙanwata Uwani irin mutanen nan ce da idan suka so abu sai sun kusa kashe shi. Tun muna yara a bakin ruwa na san ta da haka. An taɓa ba ta ɗan tsako, ta ƙulle shi a bakin zane don kada shirwa ta ɗauke, ta wuni tana shafa shi ta waje. Da yamma aka kwance zanen, ga tsako ya sandare. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, innarmu ta dube ta ta ce, "To, ai shirwa ba ta samu ba." Mun daɗe muna tsokanarta da wannan magana. Bayan mun girma sau ɗaya tak na ƙara faɗa mata ita, kuma ba cikin wasa ba.

Ni ce babba, sunana Zulai'atu, har yau ina ƙauyenmu na gefen tafkin Kainji, a ƙasar Ngaski, ina bandar kifi. Uwani ce ta auri birni. Mijinta Garba fataucin busasshen kifi yake yi daga Yelwa zuwa kudu, in ya loda kaya sai a yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba. Allah ya ba su 'ya'ya uku a jere, ya karɓi abinsa a jere, ba wanda ya kai yaye. Da ta haifi ta huɗu, innarmu, Allah ya jiƙanta, ta ce wabi ne, a yi abin da aka gada. Da hantsi innarmu ta ɗauki jaririyar ba ko tsumma, ta kai ta juji bayan gida ta ajiye, ta juya baya ta yi tafiyarta, wai a nuna ba wanda ya damu da ita. Ni aka tura in tsinto ta. Na same ta tana ƙifta ido cikin rana, ko kuka ba ta yi. A al'adarmu wanda ya tsinci ɗa a juji nasa ne, uwa riƙo kawai take yi. Liman ya raɗa mata Zuwaira, a gida muna kiranta Ajuji.

Ta rayu kuwa, har ta fi ƙarfin mai rainonta. Duk hutun makaranta wajena ake kawo ta. Siririya ce, baƙa wuluk, ta iya iyo kafin ta iya haɗa baƙi. Sai ta wuni a bakin gaɓa tana taya mu shanya warangi, ƙananan kifin nan da ake ci da kai da ƙaya, rabi a tabarma rabi a bakinta. In ka kira ta cin tuwo sai ka bi ta da gudu, kuma ba za ka cim mata ba.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai. Duk ƙasar nan ba uwar da hankalinta ya kwanta, kuma ba na ganin laifin kowa a kan tsoro, ni ma na ji shi. Sai dai sauran iyaye sun tsorata, suka yi addu'a, da aka jima suka sake tura 'ya'yansu. Uwani ta cire Ajuji daga makarantar jeka-ka-dawo da ke bayan gidansu. Ta hana ta Islamiyya, ta hana a aike ta, ta hana ta zuwa wajena. Ta sa aka ƙara sakata biyu a ƙofar zaure. Wata rana kuma ta ɗaga kai ta ga sarari a buɗe, ta ce mugu ai ba ta ƙofa kaɗai yake shigowa ba. Ta tasa Garba gaba da kuka safe da yamma, shi kuwa mutum ne da ya fi son zaman lafiya da gaskiya, ya kira kafinta aka rufe tsakar gidan ruf da kwano, daga katanga zuwa katanga. Tun daga nan, a gidan sai ka kunna wuta da tsakar rana kafin ka ga inda tsintsiya take.

Yarinyar da aka hana komai, da abinci ake ba ta haƙuri. Masa da sukari da safe, taliya da mai da rana, fanke da lemon kwalba a tsakani, ga talabijin tun daga karin kumallo. Ajuji ta fara cika, ta cika, har ta wuce uwarta. Matan maƙwabta in sun shigo sai su yi ta sa albarka: ta murje, ta yi haske, hutu ya karɓe ta. A wajenmu ƙiba ai shaidar hutu ce, kuma haske kowa na so. Uwani sai murmushi. Ni da na ce wannan ba hasken lafiya ba ne, irin na tsiron da ya fito a ƙarƙashin turmi ne, aka ce wadda ba ta haifi mace ba me ta sani. Gaskiya ne, nawa duk maza ne. Na ja bakina na yi shiru, amma ba don na yarda ba.

Ajuji na cikin shekara ta sha shida ciwon ya fara. Baya, ƙugu, cinyoyi. Uwani ba ta kai ta ko'ina ba, ita ta je da kanta wajen wani tsoho mai shimfiɗa magani a kasuwa, ta kwatanta masa. Bai taɓa ganin yarinyar ba, amma nan take ya san ciwon: sanyi ne ya shiga ƙashi, kuma gado ne daga dangin uwa, tun da mu mutanen ruwa ne. Ya ba da saiwa, ya kafa doka. Duk abin da ya fito daga ruwa an hana, kifi a gaba. Ban da ƙwai, ban da nono. Kada iska ta taɓa ta, a lulluɓe ta, a sa mata kaskon garwashi a ɗaki. Uwani ta ji daɗin wannan doka, don dai-dai take da abin da zuciyarta ke so.

Ban san an kai nan ba sai ranar da na zo da kwandon tarwaɗa da warangi na bandar hannuna. Na buga, na ji ana zare sakata ɗaya bayan ɗaya. Uwani ta leƙo, ta dubi bayana kafin ta dube ni.

"Yaya, sannu da hanya. Aje kwandon nan zaure, ba a shiga da kihi."

"Gidan Garba mai kihi ba a shiga da kihi? Tun yaushe?"

"Ajuji na da sanyi. An hana mata dut abin ruwa."

"Wa yah hana?"

"Wanda yas sani."

Na ajiye kwandon na wuce ta. Ɗakin yarinyar zafi kamar bakin banda, tagar a toshe da tsumma, warin hayaƙi da na jiƙon saiwa. Tana kan katifa a ƙasa, cikin bargo, gumi na bin wuyanta. Da ta gan ni ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe ni. Na tsaya ina kallo, don ban taɓa ganin mutum ya tashi haka ba. Ta juya ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta dafa cinya, tana hawa jikinta da hannu a hankali har ta miƙe. Ta tako zuwa gare ni tana rangaji hagu da dama kamar agwagwa. Wannan ce yarinyar da ba a cim mata a guje.

"Inna Zulai, sannu da zuwa."

Na riƙe ta na zaunar. Na ɗan danna ƙaurinta da yatsa, ba da ƙarfi ba, ta cije leɓe hawaye ya zubo. Da uwarta ta fita kawo ruwa, ta matso kusa da kunnena.

"Ko salla zaune nika yi. In na tsuguna bayi ba ni iya tashi, sai Inna ta ɗaga ni. Kar ki hwaɗa ma kowa."

Ranar mun yi ta da Uwani har maƙwabta suka ji ta cikin kwano. Na ce asibiti, ta ce asibiti ba su san sanyi ba. Na ce to a fitar da ita ta sha iska, ta ce iskar ce aka hana. Duk ƙofar da na buga ta riga ta sa mata sakata. A ƙarshe ta ce, "Yaya, kin taɓa bizne ukku?" Ban taɓa ba. Na ɗauki kwandona na koma da shi, ina tafe ina zagin iska.

Ba a rufa wata ba Garba ya kira ni a waya. Ajuji ta zame a bayi, ba faɗuwar kirki ba ma, zama ta yi da ƙarfi, kuma tun daga lokacin ƙafar dama ta ƙi ɗaukarta. Na bar kifi a kan wuta na hau motar farko. Na tarar da ita kwance tana nishi, an ƙara bargo, an ƙara garwashi, Uwani na shafa mata man saiwa tana karanta duk addu'ar da ta sani. Garba na tsaye a bakin ƙofa yana murza hula.

Ban yi gardama ba wannan karon. Na ce, "Uwani, ɗiyata ta. Ni nit tsince ta bisa juji da sanin innarmu, riƙo na ba ki. Yau na zo karɓar abuna."

Ta kama ƙafata. Mace da furfura ta fara fito mata, ta kama ƙafata tana cewa in rufa mata asiri, hanya ba lafiya, an ce ko jiya an ga baƙin fuska a tasha. Tausayinta ya kama ni, amma ban janye ba. Garba ya buɗe baki a karon farko cikin shekaru ya ce, "A kai ta." Aka kawo mota har bakin zaure, aka lulluɓe yarinyar tun daga kai, mu huɗu har da direba muka ɗaga ta. Uwani ta sa aka ɗaga gilasai duka, ta rungume ta har muka isa.

Likitar da muka samu mace ce, Zipora, 'yar mutanen tudu, gajera mai magana a hankali. Ta sa aka ɗauki hoton ƙugu, aka ɗebi jini aka aika Sakkwato, aka ba mu gado. Ba ta yi gaggawa ba. Ta yi ta tambayar abubuwan da nake ganin ba su shafi ƙashi ba: me take ci, me ba ta ci, tun yaushe ta yi jiki, ina take wuni, rana na shiga gidan ko ba ta shiga. Uwani na amsawa da alfahari, don a ganinta duk shaidar kulawa ce. Da sakamako ya dawo, likita ta kira mu ta ɗaga hoton ga haske. Ta nuna mana wasu siraran layuka biyu, ɗaya kowane gefe.

"Nan ƙashin ya tsage, nan ma ya fara. Bai karye ba tukuna. Ƙashinta ya yi laushi, Hajiya, shi ya sa."

"Sanyi na," in ji Uwani.

"Ba sanyi ba ne. Akwai wani sinadari da ake kira bitamin D, shi ke sa ƙashi ya kama abin da ke ƙarfafa shi. Fatar mutum ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta, sauran kuma ana samu a kifi da ƙwai. Nata ya yi ƙasa ƙwarai. Yarinya mai tasowa ta fi kowa buƙatarsa, don yanzu ƙashinta ke gini. Ga jiki kuma. Kitse yana shanye ɗan abin da ke akwai ya riƙe, ba ya barin ya kai inda ake nema, don haka mai jiki tana buƙatar fiye da siririya. An haɗa mata uku ke nan: ba rana, ba kifi, ga nauyi a kan ƙashi mai laushi."

Uwani ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Likita, rana? Ƙasar Yawuri? Ranar da ka kashe kaji cikin akurki? Mu da muka gudunta?"

"Ranar tana waje, Hajiya. Yarinyar tana ciki."

Ni kam ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Jikar masunta, 'yar mai fataucin kifi, a garin da rana ke narka kwalta, wai rana da kifi ne suka yi mata ƙaranci. Ko a tatsuniya aka faɗa mini sai in ce mai tatsuniyar ya yi ƙari.

Uwani ta daina dariya. Ta tambayi abin da duk muke tsoron tambaya. "Za ta yi tahiya?"

"In kun yi abin da na ce, ina sa rai. Zan ba ta magani, ta sha ba fashi. Ta ci kifi, har da ƙananan nan masu ƙaya, ta ci ƙwai, a rage zaƙi da mai. Kullum da hantsi rana ta taɓa hannuwanta da ƙafafunta, fata ga rana, ba ta cikin gilashi ba, ba ta cikin zane ba. In zafin ya ragu ta fara takawa kaɗan-kaɗan. Magani zai tada ta, amma in ta koma zaman da ya kawo ta nan, za ku dawo mini da ita, kuma wata rana tsagewar nan za ta zama karaya. In ƙugu ya karye a irin wannan ƙashi, ba zan yi miki alkawarin tafiya ba."

Muka koma gida, ni ma na tare a can, na bar wa matan 'ya'yana banda. Ba zan ci haƙƙin Uwani ba, ta yi ƙoƙari. Ta zubar da saiwar, ta fitar da kaskon, magani ko sau ɗaya bai wuce lokacinsa ba. Kifi ya shigo gidan da girmansa, ita da kanta take zare ƙayar tarwaɗa tana ba yarinyar a baki. Ƙofa ce dai ta gagara. Kullum da hantsi in ce, "Uwani, rana ta yi." Ta ce, "Gobe, Yaya. Yau an ce gari ba daɗi." Gari kuwa a bakin Uwani bai taɓa yin daɗi ba.

Sai ta shiga dabara. Ta ɗauki farantin silba na kayan aurenta, ta buɗe zaure kaɗan, ta tsaya tana juya shi wai ta harbo hasken ya bi ta lungu ya kai ɗaki. Abin da ya isa bai fi ƙwai girma ba, yana rawa a bango. Da wannan bai yi ba, ta koma cika baho da ruwa ta tura shi waje ya wuni a rana, da yamma ta jawo ta yi wa yarinyar wanka da shi, tun da ruwan ya sha rana ai ya ɗauko maganin. Har zannuwanta ta riƙa ba maƙwabciya ta shanya mata, ta lulluɓa mata da ɗuminsu. Na ce, "Uwani, rana ba rubutu ba ta, ba a wanke ta a sha." Ba wauta ce ke damunta ba, ta fi ni wayo. Tsoro ne, kuma tsoro ya fi kowa iya kawo hujja.

Zafin ya ɗan ragu, amma ƙafafun ba ƙarfi, yarinyar kuma ta daina ko ƙoƙari. Ta juya fuska ga bango, talabijin ma ba ta kallo. Wata safiya muna tsakar gida a cikin duhun nan namu, muka ji ta kira, a hankali, sau ɗaya. Kafin mu isa ta riga ta yi yunƙurin tashi ta kasa, fitsari ya kufce mata a kan katifa. Budurwa ce fa. Ba ta yi kuka da murya ba, ta dai rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Uwani ta durƙusa tana gogewa tana cewa, "Ba komi, ba komi, ai kina gida, ba wanda yag gani, ba abin da ka samunki nan."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "To, ai shirwa ba ta samu ba."

Hannunta ya tsaya a kan tsumman. Ba ta ɗago ba. Na san inda na soka, kuma da gangan na soka. Ta gama gogewa, ta sauya wa yarinyar zane, ta wanke hannu. Sannan ta nufi zaure. Na ji sakata ta farko, ta biyu, ta uku, na ji ƙofar ƙarfen ta buɗe har ta bugi bango. Ta dawo ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta kai bakin ƙofa inda rana ta faɗo.

"Kama min ita, Yaya."

Muka sa ta a tsakiya, hannu ɗaya a wuyana, ɗaya a wuyan uwarta. Muka ratsa tsakar gida, muka shiga zaure. Ga haske can gaba, fari tas, har ido na ciwo. Ana jin yara na wasa, mai ruwa na tura kura. Sai wani ɗan kabu-kabu ya wuce da ƙara. Na ji jikin Ajuji ya sandare a hannuna. Ta kafe ƙafa, ta saki wuyanmu ta kama bango.

"Inna, ruhe."

"Ajuji, nan kaɗai za ki zamna, ga ni, ga Inna Zulai."

"Ruhe ƙohwar. Za su gan ni. Bisa babur suka zuwa, ke kic ce. In sun ga ɗiya ƙohwar gida sai su sa ma gidan alama su komo. Ke kic ce wadda dut ta hita ba ta dawowa. Inna, don Allah ruhe."

Maganar Uwani ce, kalma da kalma, har da yadda take jan numfashi a tsakiya. Shekaru tana zuba ta a kunnen yarinyar safe da yamma, ga shi ta tsiro. Na yi lallashi, na tuna mata bakin gaɓa da warangi, na ce ko mutum ɗaya ba ya kallonmu. Ta ce kuma kowa zai yi dariyar yadda ta koma. Ta sulale ƙasa, ta juya, ta ja jiki da gindi da hannu tana komawa ciki, ƙafar dama na biye da ita. Ba ta tsaya ba sai da ta shige ɗakinta. Wannan ce tafiya mafi tsawo da ta yi da kanta tun da muka dawo asibiti, kuma ta gudun rana ce.

Uwani na tsaye a zaure, ƙofa a buɗe a bayanta, ba ta ko waiwaya ba. Na zaci faɗuwa za ta yi. Ni kuwa duk faɗan da nake yi a kan ƙofa ne, ban taɓa tunanin za a buɗe ta a rasa mai fita ba. Na ce a raina shi ke nan, mun makara.

Uwani ta wuce ni. Ta jawo turmi zuwa tsakiyar gida ta kifa shi, ta ɗauki taɓarya, ta hau. Ta ɗaga ta da hannu biyu ta soki kwanon daga ƙasa. Ƙarar ta cika gidan kamar an yi aradu a cikin tukunya. Ta ƙara. Ƙura da kashin ɓera da busasshen ƙadangare suka zubo mata a ka. Na ce ta sauko a kira kafinta, ko a jira Garba ya dawo. Ko kallona ba ta yi ba. Kafintan ya yi aiki da gaskiya, ƙusa kusa da ƙusa, kamar yadda ita ta ce masa ya yi. Ta yi ta duka wuri ɗaya har wata ƙusa ta tsinke, wata ta bi ta. Da gefen ya ɗaga, ta yar da taɓaryar ta kama bakin kwanon da hannu tana turawa tana murɗawa. Na ga jini na bin damtsenta. Na hau kujera na kama ɗaya gefen. Maƙwabta sun taru a zaure suna tambaya lafiya.

Falle ɗaya ya ɓalle, ya zame ta sama ya faɗa lungu. Rana ta faɗo tsakar gidan, faɗin tabarmar salla, a kan simintin da ya yi shekaru bai gan ta ba. Sai a lokacin na ga yadda bangon ya yi baƙi da danshi.

Uwani ta sauko. Na kori mutane na tura ƙofa. Ta shimfiɗa tabarma a cikin hasken, ta zauna a gefe, ta bar wuri. Ta sa na kawo kwanon warangi ta ajiye a gabanta. Daga nan ana hango Ajuji a bakin ƙofar ɗaki, cikin duhu, ido kawai.

"Zo, Ajuji."

"In sun hauro ta nan hwa?"

"Su hauro. Ni za su iske."

"Kin ce…"

"Na ce. Zo dai."

Ba ta zo ba. Uwani ba ta ƙara kira ba, ba ta kuma tashi daga wurin ba. Ta zauna cikin rana, kai ba ɗankwali, ƙura a gashi, jini na bushewa a tafinta, tana tsintar warangi ɗaya-ɗaya tana cire yashi. Ni na koma gefe na kame bakina, abin da ban saba ba. Hantsi ya ɗaga. Gumi ya jiƙa mata riga. Ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa. Ina kallon yarinyar ta leƙo, ta koma, ta sake leƙowa. Can na ji ƙarar zane a kan siminti. Ta fito da gindi, tana dafa ƙasa, ta ja, ta huta, ta ja. Na yunƙura in taimaka, Uwani ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba.

Da ta iso bakin tabarmar tana haki, ta kama zanen uwarta ta kwantar da kai a cinyarta. Sai dai rana ba ta jira ba. Tun ɗazu take janyewa kaɗan-kaɗan, ta bar tabarmar, ta bi siminti, yanzu ta koma can gindin bangon gabas ta fara hawa. Inda yarinyar ta kwanta inuwa ce.

Ajuji ta miƙa ƙafa wajen hasken, bai kai ba. Ta ce, "Inna, ta tahi."

Uwani ta dubi hasken, ta ɗaga kai ta dubi sauran rufin. Ta zare cinyarta a hankali, ta tsinci ɗankwalinta da ya faɗi ta sa wa yarinyar a ƙarƙashin kai. Ta goge tafinta a zane, ta jawo turmin zuwa ƙarƙashin falle na gaba, ta sake ɗaukar taɓarya.